Wake a garkar gida

Garin Gure yana gabas da Damagaram, a bakin babbar hanyar da ta nufi Difa. Nan ne tsakiyar ƙasar Muniyo. Wanda ya fita bayan gari ya duba, abin da zai gani shi ne duwatsu nan da can, saura kuwa rairayi ne. Damina gajeriya ce. A shekara matsakaiciya, ruwan da ke sauka milimetir 300 ne da ƴan kai, yawancinsa kuma cikin Yuli da Agusta yake zuba. Wata shekara ma ba ya kai haka. Ba kowace shuka ce ke yarda da irin wannan wuri ba. Hatsi yana yarda. Wake ma yana yarda.

A gona aka saba ganin wake, yana yaɗo tsakanin gindin hatsi. Amma akwai wani wuri da yake yi ƙwarai, wanda mutane da yawa ba su kula da shi ba. Shi ne ɗan filin nan na kusurwar gida, ko na bayan darni, inda ake zubar da toka da shara. Ɗan lakwal mai shekara goma yana iya mai da shi garka da hannunsa.

Me ya sa za a wahala da ɗan fili, alhali ga gona? Amsar tana cikin watan Agusta. A wannan wata rumbu ya kusa ƙarewa, sabon hatsi bai nuna ba, tiyar hatsi kuwa ta yi tsada a kasuwa. Ga aikin noma ya yi yawa, ciki kuma ba ya cika. To, waken da aka shuka a gida tun ruwan farko, kafin ya yi wata guda ya ba da ganyen miya da na kwaɗo. In ya yi wata biyu ya ba da ɗanyen wake na dafuwa. Ba ya cika rumbu. Amma yana zuwa lokacin da ake bukatarsa, kuma yana kusa da tukunya.

Wake ɗan gida ne

Masana sun ce a nan Afirka aka fara noman wake, tun dubban shekaru da suka wuce. Daga nan ya tafi Indiya. Daga baya jiragen cinikin bayi suka kai shi Amurka. Yau Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar ke bi mata.

In aka raba ƙwayar wake kashi huɗu, kusan kashi ɗaya abinci ne mai gina jiki, irin wanda ake samu cikin nama da kifi da ƙwai. A cikin hatsi kuwa wajen kashi ɗaya ne cikin goma. Shi ya sa yaron da ke cin tuwo yau, gobe ɗan wake ko ƙosai ko shinkafa da wake, ya fi samun abin gina jiki bisa ga wanda tuwo kaɗai yake ci. Wake yana da wuyar dahuwa, gaskiya ne. Amma mutanen Muniyo ba su rasa maganin wannan ba, don kanwa tana fitowa cikin kwarurrukan ƙasarsu.

Akwai wani ɗan uwansa da ake kira waken Turawa, ƙanana, kore shar, masu ɗan zaƙi, waɗanda ake sayarwa cikin gwangwani a kanti. Shi asalinsa ƙasashen Gabas ta Tsakiya ne, kuma sanyi yake so. In zafi ya kai digiri 30 sai furensa ya zube. Wanda ke son gwada shi a Gure sai ya shuka cikin Nuwamba, ya dinga ba shi ruwa, ya kafa masa ƙirare ya hau, ya tsinke kafin ƙarshen Fabrairu. Aiki ne mai yawa, riba kaɗan. Amma kada a rena shi. Da shi ne wani malamin kirista mai suna Mendel ya yi gwaji shekara da shekaru cikin ƴar garkarsa a garin Burno, a ƙasar Cek ta yanzu. A 1866 ya buga abin da ya gano game da yadda ɗa ke gadon kamannin iyayensa. Ƴar garka ba ta yi kaɗan ga ilimi ba. Waken Hausa kuwa halinsa dabam ne: zafi yake so, cikin dari ma da ƙyar yake girma.

Abin da ke ɓoye a saiwa

In wake ya yi kwana 30 ko 40, sai a tona gindi ɗaya a hankali, kada a fizge. A wanke saiwar cikin ƙwarya. Za a ga wasu ƴan ƙullutai manne da ita, kamar ƙwayar dawa, wasu ba su kai ba. Wanda bai sani ba sai ya ce cuta ce. Ba cuta ba ce. Ɗakuna ne. A ciki akwai wasu ƴan mitsi-mitsin halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita.

Ga aikinsu. Kowace shuka tana bukatar wani sinadari da ake kira azot, shi ne ke sa ganye ya yi kore. Iskar da ake shaƙa cike take da shi, kusan kashi huɗu cikin biyar. Amma hatsi ba ya iya ɗaukarsa daga iska, dawa ma haka. Sai wanda ke cikin ƙasa suke sha, rairayin Gure kuwa ba shi da shi sai kaɗan. Waɗannan ƴan halittu su suka iya kama azot na iska, su juya shi ya zama abincin shuka. Suna ba wake, shi kuma yana ba su zaƙin da ganyensa ya haɗa da hasken rana. Ciniki ne, ba mai cutar wani.

In aka fasa ƙullutu ɗaya da farce aka ga cikinsa ja-ja, to, ma'aikatan suna kan aiki. In fari ne ko kore, ba su fara ba, ko kuwa sun daina.

Daga nan za a gane abubuwa biyu. Na farko, wake ba ya bukatar takin zamani mai azot da yawa, irin farin nan da ake kira ure. In an cika masa shi sai ya yi ganye luf-luf, ƴaƴa kaɗan. Na biyu, in an gama roro kada a tumɓuke gindin. A yanke shi daidai ƙasa, a bar saiwa ta ruɓe a wurin, tare da ganyen da ya kaɗe. Kuɓewa ko yakuwar da aka shuka a nan baɗi za ta ci gajiyar abin da ya bari. Tsofaffin manoma sun san wannan tun kafin a ƙera madubin likita. Sun lura hatsi ya fi kyau a inda wake ya kwana.

Shiri

Wurin da rana ke bugawa tun safe ake zaɓa. Ƙarƙashin bedi ba ya yi, inuwa ta yi yawa. Inda ruwa ke kwanciya bayan an yi ruwan sama shi ma ba ya yi, don saiwar wake ba ta jure kwana biyu cikin ruwa. Rairayi ba laifi, shi ya fi so.

Kafin a taɓa iri, shinge ne farko. Wannan ba abin gardama ba ne. Akuya ɗaya tana share aikin wata guda kafin a gama sallar la'asar, kaji da zabbi kuma suna tone iri ran da aka shuka shi. Darnin kara ya isa, in an toshe ƙasansa da ƙaya. A Gure shinge yana da wani amfani kuma: yana tare iskar da ke zuwa gaban hadari, wadda ke kwaso rairayi ta bugi sabon tsiro har ta ƙone shi, ko ta binne shi.

Sai taki. Fili mai metir 4 a faɗi, metir 5 a tsawo, bokiti huɗu ko biyar na takin awaki sun ishe shi. Amma ruɓaɓɓe, wanda ya kwana biyu ya yi baƙi. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro, yana kuma kiran gara. A watsa, a juya shi da hauya tun cikin Yuni, a ƙara ɗan tokar murhu.

Wane iri?

A nan ne garka da yawa ke faɗuwa tun ba a shuka ba. Wake iri-iri ne. Akwai mai yaɗo, wanda ke shimfiɗa har ya rufe ƙasa. Akwai mai tsayuwa, wanda ke tattare jikinsa wuri ɗaya. Da yawa cikin masu yaɗo suna da wani hali: ba su yin fure sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen damina, ko da yaushe aka shuka su. A ƙasar Kano, inda damina ke da tsawo, wannan ba matsala ba ce. A Gure kuwa, wata shekara ruwa ya ɗauke tun tsakiyar Satumba. Sai a tashi da harawa mai kyau, ba ƙwaya. Saboda haka waken da aka auno a kasuwa, ba a san inda ya fito ba, na tukunya ne, ba na shuka ba.

Ƴar garka iri mai sauri take so, wanda ke nuna cikin kwana 70 zuwa 75. Ma'aikatar binciken aikin gona ta ƙasa, wato INRAN, wadda aka kafa a 1975, ta tace irin waɗannan a tasharta ta Tarna, kusa da Maraɗi. Cikinsu akwai TN 5-78. Akwai kuma waɗanda sunansu ya fara da IT, su daga cibiyar IITA ta Ibadan suka fito. Ana tambayarsu wurin malamin gona. In ba a samu ba, sai a roƙi tsohuwar da aka san wakenta yana riga na kowa nuna a unguwa. Irin da ya shekara ashirin a rairayin Muniyo ya riga ya ci jarrabawa.

Shuka da lissafi

Ba a yi wa wake binne kamar hatsi. Ana jira sai an yi ruwa mai ƙarfi, wanda in an tona ƙasa za a ga laima ta kai tsawon tafin hannu. A Gure yawanci cikin Yuli ne.

A ja igiya a yi layi. Tsakanin layi da layi santimetir 60. Tsakanin rami da rami santimetir 30, wato tsawon ƴar rigar da ke cikin jakar ɗan lakwal. Zurfin rami santimetir 3 zuwa 5, kamar gaɓa biyu ta yatsa. A jefa ƙwaya 3, a rufe, a ɗan taka.

Ga lissafin filin nan mai metir 4 da metir 5. Zai ɗauki layi 7. Kowane layi zai ɗauki rami 16. Rami nawa ke nan? 112. Kowane rami ƙwaya 3, ya zama ƙwaya 336. Wannan bai fi cikin hannu biyu na babban mutum ba. In damina ta yi kyau, aka kula da garkar, ana iya samun busasshen wake kilo 1 zuwa 2, ban da ganye, da ɗanyen da aka ci, da harawar tunkiya.

Cikin kwana 4 ko 5 tsiro zai fito. Bayan mako biyu sai a rage, a bar biyu masu ƙarfi a kowane rami. Yara ba su son wannan aiki, suna jin tausayin na ukun. Amma uku a rami ɗaya faɗa suke yi kan ruwa, duka su rame. A lokacin ne kuma ake noman farko. Bayan mako biyu ko uku a yi maimai. Daga nan wake ya rufe ƙasa, shi da kansa zai danne haki.

Ganye ana tsinkar ɗanye, biyu ko uku a kowane gindi, ba a yi masa aski. In fure ya fara, wajen kwana 40, sai a daina.

Wake yana jure ƙishirwa fiye da yawancin shuke-shuke, don saiwarsa tana nitsewa ƙasa da nisa. Lokaci ɗaya ne ba ya jurewa: daga fure zuwa cikar kwanso. In ruwa ya ɗauke kwana goma a wannan lokaci, fure zai zube. Mai gona ba shi da abin yi sai addu'a. Mai garka kuwa yana da bokiti. Bokiti biyar ko shida da marece, bayan kowane kwana uku, sun isa su riƙe filin har hadari ya dawo. Ruwan da aka wanke hatsi ko shinkafa da shi yana yi. Ruwan wanki mai sabulu da yawa ba ya yi. Wannan ita ce babbar fifikon garkar gida a kan gona.

Maƙiya

Ba ɗan Adam kaɗai ke son wake ba. Na farkon zuwa ita ce darɓa, ƴan ƙwari baƙaƙe masu taruwa a kan toho suna tsotse ruwansa. In aka ga ganye yana nannaɗewa, yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka, to, a juya bayan ganyen a duba. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke su. In babu, a murje su da yatsa tun suna kaɗan, ko a barbaɗa toka da safe.

Mai ɓarna ƙwarai ita ce tsutsar da ke shiga fure da kwanso. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne ke yin ƙwanta da dare. Alamarta ƴar huda a jikin kwanso, da kashinta a bakin hudar, da zare kamar na gizo-gizo. Maganinta yana nan a bakin titi. A tsinci ƴaƴan bedi, a shanya, a ɓare, a daka. Rabin kilo na garin a jiƙa cikin ruwa litir 10, ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye. Da marece a yayyafa da tsintsiya, sama da ƙasan ganye. Ana yi sau ɗaya a mako tun daga farkon fure. Maganin ƙwari na kanti kuwa ba aikin yara ba ne, kuma bai dace da garkar da ake tsinkar ganyenta ana miya ba.

Sai ƙuduji. Na wake dabam yake da na hatsi, gajere ne. Yana manne wa saiwa a ƙarƙashin ƙasa yana shan abincin wake, tun kafin ya leƙo waje. Gindi ɗaya yana zubar da dubban iri, ƙanana kamar ƙura, masu iya jira cikin ƙasa fiye da shekara goma. A cire shi kafin ya yi fure, a ƙone. In ya yi yawa a wuri, baɗi a shuka wani abu a nan, a kai wake wata kusurwa.

Roro da ajiya

Kwanson wake ba ya nuna rana ɗaya. Wanda ya bushe ya yi ruwan ƙasa, in an girgiza shi yana ƙara, shi ake tsinka. A koma bayan kwana huɗu ko biyar, har sau uku. In an bar shi ya daɗe sai ya fashe ya zubar da ƙwaya.

Kafin kowa ya ci, a fid da iri. Tun garka na tsaye ake lura da gindin da ya riga saura nuna, mai dogon kwanso, marar cuta, a ɗaura masa ɗan ƙyalle. Nasa ne irin baɗi.

Yanzu sauran babban yaƙi. Kowa ya taɓa ganin waken da aka ajiye da kaka, aka buɗe da bazara aka tarar duk huda, ga gari, ga wari. Mutane sukan ce ƙwaro ya shiga. Gaskiyar magana, tare da shi aka ajiye. Tun a garka uwar ƙwaron take manna ƙwanta a jikin kwanso. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta huda ƙwaya ta shige, ta zauna a ciki tana ci. Bayan mako uku ko huɗu ta fito ta zama ƙwaro, ta bar ƴar taga a baya. Mace ɗaya tana yin ƙwai da dama, har ya kusa ɗari. Ƴaƴanta kuma bayan wata guda su yi nasu. Wanda ya iya ninkawa sai ya ɗauki allo ya ga inda abin zai kai cikin wata shida.

Amma ƙwaron yana da rauni guda: sai da iska yake rayuwa. Duk dabarun ajiya a kan wannan suka tsaya. Da farko a shanya waken a rana har ya bushe sarai, in an ciza ƙwaya ta fashe ƙas, ba ta lotse ba. Kakanni sukan gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi, mudu ɗaya na wake, mudu ɗaya na toka, cikin tulu, su ƙara toka a bisa, su liƙe baki da laka. Toka tana cike duk ƴan kafofin da ƙwaro zai bi. Yau kwalbar roba ko bido mai murfi yana yin wannan aiki. A wanke, a bar shi ya bushe, a cika shi da wake har wuya, a girgiza a ƙara, a ɗaure murfi da leda. Ƙwarin da ke ciki za su shanye ƴar iskar da ta rage, su mutu. Sharaɗi ɗaya ne: kada a dinga buɗewa ana leƙe. Bidon da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki kuwa ba a sa abinci a cikinsa, ko an wanke.

Masu wake da yawa suna amfani da buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure bakinsa dabam. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi tare da masu bincike na Afirka, cikinsu har da na INRAN, aka fara yaɗa shi a 2007. Dabarar ɗaya ce da ta kwalba. Ƙwayar maganin nan da wasu ƴan kasuwa ke jefawa cikin buhu kuwa guba ce mai kisa, ba a kawo ta ɗakin da mutane ke kwana.

Irin garka mai metir 4 da 5 ƴar kwalba ɗaya ta ɗauke shi. A rubuta sunan irin da shekara a takarda, a manna, a ajiye a inuwa, inda ɓera ba ya kai.

In Yuni ya kama, kafin ruwa ya sauka, sai a gwada shi. A ƙirga ƙwaya 20, a nannaɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, a sa a ƙwarya a inuwa, a dinga yayyafa ruwa safe da marece. Ran kwana na shida a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsira. In sun kai 16, iri ne mai kyau, a shuka uku-uku. In tsakanin 10 da 15 ne, a shuka huɗu-huɗu. In ba su kai 10 ba, a ba uwar gida ta yi ɗan wake da sauran, a tafi neman wani iri tun da sauran kwanaki.